Lauyar Adum da takardar sakina: abin da na biya da abin da na samu

Tun da labari ya bazu cewa na karɓo takardar kotu a kan tsohon aurena, mata ke tare ni a kasuwa da wajen suna suna tambaya: wace lauya ce, nawa ta ci, kuma aikin ya kai kuɗin? Wasu a kunne suke tambaya don kada na kusa ya ji. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowacce ta karanta a ɗakinta. Aikin ya kai kuɗinsa, ba na tantama a kan wannan. Amma akwai wuraren da ofishin ya ɓata mini rai, su ma zan faɗe su.

Sunanta ba zai fito a nan ba. Ita ce ta roƙe ni, ta ce ƙa'idar aikin lauya a Ghana ta tsananta a kan talla, ba ta son a ce ta sa ni yi mata shela. Ofishin yana Adum, cikin Kumasi, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ƙasansa shagunan waya ne. Daga Kejetia da ƙafa ake zuwa. Ita 'yar zango ce, a Tafo ta tashi, tana jin Hausa da Tonanci, wato yaren Ashanti, da Turanci, kuma ta yi karatun allo kafin boko. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai amfani a wurina, za ku ga dalili.

An ɗaura aurena a Aboabo a 2009. Muka haifi biyu, namiji da mace. A 2017 aka kawo wa yayana takarda mai layi uku, da hannun mijin, ta hannun kawunsa: saki ɗaya. Na yi idda, bai yi kome ba, igiya ta tsinke. Na koma sayar da atamfa da mayafai a Alabar, ina riƙe da yarana. Duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayata shaida, domin duk unguwa ta san ni bazawara ce. Sai a 2024 da wani bawan Allah mai aiki a Ingila ya fito nema, manya suka amince, shi ne ya ce mini idan har zan bi shi wata rana, za a nemi takardar hukuma da ta nuna auren farko ya ƙare. Na ɗauko takardar nan mai layi uku da takardar ɗaurin aure ta masallaci, na nufi Adum.

Ganawar farko sidi 300 ce, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya fi shi albarka ba a wannan lamari. Ta duba takardun biyu, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wane irin aure aka yi miki?" Na ce auren Musulunci mana. Ta ce, "Na sani, Allah ya karɓa. A wajen gwamnati nake tambaya." Sannan ta ɗauki biro ta zana mini gida uku a bayan ambulan. Dokar Ghana ta san aure iri uku. Akwai na rajista, wanda ake yi a coci ko a ofishin mai rajistar aure, mace ɗaya tak, kuma kotu ce kaɗai ke iya raba shi. Akwai na gargajiya, wanda dangi ke ɗaurawa. An yi masa dokar rajista a 1985, aka sassauta ta a 1991 ta zama ganin dama. Sai na Musulmi, wanda dokarsa ta samo asali tun 1907, zamanin Turawa, yanzu kuma duk an tattara su a Dokar Aure guda.

Abin da dokar Musulmin ta ce shi ya sa jikina ya yi sanyi. Cikin mako ɗaya da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasisi za su je ofishin majalisar gunduma su sa hannu a littafin rajista. Idan aka yi saki, cikin wata ɗaya mijin da waliyyin matar da shaidu biyu da limami mai lasisi za su koma a rubuta. Idan lokacin ya wuce, sai an nemi izinin alƙalin Babbar Kotu. Takardar masallacin da na adana a ƙasan akwati, mai hotonmu da hatimi, ta ce mai kyau ce, in ci gaba da adana ta, shaida ce cewa an yi aure. Amma ba ita ce rajistar da doka ke nufi ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mako ɗaya, a zango, lokacin da ake tsakiyar lalle da kai amarya da sallamar baƙin da suka zo daga Tamale da Salaga da Akra. Wa ke tuna ofishin gwamnati a wannan makon? A ganina wa'adin ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ya kamata shugabanninmu su ci gaba da neman a gyara shi. Kafin a gyara kuwa, limamin da ke ɗaura aure shi ne ya fi kowa damar faɗa wa waliyyi, tun ranar da aka kai goro, cewa akwai wani sa hannu da ya rage. Mu mata ba ma wurin ɗaurin aure, muna cikin gida. Amma idan abu ya lalace, mu ne ke yawo da ambulan.

Abin da ya fara sa na yarda da matar nan shi ne ba ta yi gaggawar shigar da ƙara ba. Ta ce a fara bincike, domin wataƙila takardar da nake nema tana nan kwance a wani ofishi. Dama an taɓa yi mini raɗe-raɗin cewa tsohon mijin ya yi wasu takardu lokacin da ya sake aure. Ta ce, "In ya riga ya je kotu, kwafi kawai za mu karɓa, kuɗinki ya huta." Lauyar da ke neman kuɗi kawai ba za ta faɗi haka ba.

A nan na ga gwaninta. Ni da zan je da kaina, Asokore Mampong zan nufa, tunda can ne majalisarmu yanzu. Ita ta tuna mini cewa a 2009 Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi, KMA, sai a 2012 aka yanke Asokore Mampong ta zama majalisa mai cin gashin kanta. Saboda haka auren 2009, idan an rubuta shi, a littafin KMA za a neme shi. Sakin 2017 kuma yana iya kasancewa a ɗayan. Ta rubuta wasiƙar neman bincike zuwa duka biyun. Amsa ta dawo a rubuce: babu aurenmu, babu sakinmu. Babu laifin kowa a ofisoshin, mu ne ba a taɓa kai mu ba.

Sai kotuna. Ta fahimtar da ni cewa takardar raba aure tana zama ne a rajistar kotun da ta yanke hukuncin, kowace kotu da nata littafin. A Ghana kotun gunduma da kotun Sakit da Babbar Kotu duk suna sauraron ƙarar aure, don haka wanda bai san inda aka yi shari'ar ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai lambar ƙara a hannu ya huta, da ita ake ciro fayil. Wanda ba shi da ita sai ya ba da sunayen miji da mata da shekarar da yake zato, a biya kuɗin bincike, a karɓi rasit. Fayil ɗin da ya tsufa sosai kuma wani lokaci sai an bi sawunsa har ma'ajiyar takardun gwamnati, PRAAD, wadda ke da reshe a Kumasi. Namu bai kai can ba.

Sunaye su ne suka fi cin lokaci, kuma duk 'yar zango ta san wannan ciwon. A takardar masallaci an rubuta sunana da cikakken Larabcinsa. A katin zaɓe wani ma'aikaci ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. A Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, an sa sunan kakana a matsayin sunan mahaifi. Shi ma mijin, a wata takarda Mohammed, a wata Muhammad, a wajen aikinsa na Suame Magazine, unguwar makanikai, kuma da laƙabi aka san shi. Lauya ta sa akawunta ya nemi kowane irin rubutu daban, ba guda ɗaya ba, sannan ta shirya mini takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne. Ta ce da an bar wannan, ko kotu ta ba da takarda, wani ofishin jakadanci zai iya cewa ba ni ba ce. Binciken kotunan ya fito fayau, babu inda ya taɓa shigar da komai.

Kafin in je wurinta, wani daga cikin 'yan goron nan da ke tsayawa a bakin ofisoshi ya yi mini tayin "takardar saki" cikin kwana biyu, da hatimi da komai. Wani kuma ya ce yayana da kawun mijin su yi rantsuwa a rubuce cewa aure ya mutu, shi ke nan. Na gaya mata. Game da ta farkon ta ce ko da wasa kada in taɓa, domin ana aiko wa kotu tambaya a tabbatar da lambar ƙara, idan aka tarar ta bogi ce, an rufe mini ƙofar tafiya kuma ga laifi a wuyana. Ta biyun kuma ta ce halal ce, tana da amfaninta, amma ofisoshin jakadanci da yawa ba sa gamsuwa da rantsuwar dangi, hukuncin kotu suke so su gani.

Hanya biyu ta shimfiɗa mini. Ta farko, a roƙi Babbar Kotu izinin yin rajistar auren da sakin a makare. Wannan na buƙatar mutanen da suka halarta, ga shi limamin da ya ɗaura ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun ma ya rasu, Allah ya jiƙansu, mijin kuma ba ya gari. Ta biyu, a shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1971, wadda lauyoyi ke kira Act 367. Asalinta don auren rajista aka yi ta, amma sashe na 41 ya buɗe ƙofa ga mai auren gargajiya ko na Musulunci ya nemi kotu ta yi aiki da ita, tare da la'akari da yanayin irin aurensa. Ta ƙara da cewa auren Musulmin da ba a yi wa rajista ba, kotuna sun sha ɗaukarsa a matsayin na gargajiya, tunda dangi sun nema, an bayar, an biya sadaki. Ta wannan hanyar kuma alƙali zai iya yin magana a kan yara da dukiya a zama ɗaya. Ita muka bi.

Dalili ɗaya dokar ta sani na raba aure: ya lalace har ba ya gyaruwa. Ana tabbatar da shi ta hanyoyi shida, ciki har da zina, da halin da ba a iya zama da shi, da ƙaurace wa gida shekara biyu, da rabuwar shekara biyu idan ɗayan ya yarda, da rabuwar shekara biyar ko bai yarda ba, da kuma cewa an yi iya ƙoƙarin sulhu ya ci tura. Ni ta shekara biyar ta ishe ni. Ta kuma ce in gaya wa ƙannena cewa auren da bai cika shekara biyu ba, ba a shigar da ƙararsa sai da izinin kotu, idan akwai tsananin wahala.

A nan ne zuciyata ta tsaya, kuma nan ne dalilin da ya sa nake yaba wa wannan ofishi fiye da wani. Na ce mata, "Lauya, idan na je na ce alƙali ya raba aurena, ashe ina cewa sakin da aka yi mini bai saku ba ke nan? Ashe duk shekarun nan da igiya nake yawo?" Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mini wannan ba ruwan doka ba. Ta ce saki ya saku tun ranar da ya rubuta, idda ta cika, babu alƙalin da ke da ikon mayar da ke matarsa. Abin da muke nema shi ne gwamnati ta rubuta abin da ya riga ya faru. Ta tsara takardar ƙarar yadda ta faɗi a fili cewa an yi saki bisa shari'ar Musulunci a 2017, ta haɗa takardar nan mai layi uku a matsayin shaida. Sannan ta ce kada in tsaya a maganarta, in je in tambayi malamina. Na je. Malam ya saurara, ya ce babu laifi, ya ma tuna mini cewa a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ an yi umarni da kafa shaidu adilai biyu, kuma rubutu ƙarin ƙarfi ne ga shaida. Da na dawo da wannan amsa na sa hannu da natsuwa.

Kai sammaci ya ɗan ja. Mutumin ya koma Techiman, kuma doka ta ce a hannunsa ma'aikacin kotu zai damƙa takardar. Lauya ta ce idan aka neme shi aka rasa, za a roƙi alƙali izinin liƙa ta a allon kotu da ƙofar gidan da aka san shi da shi. Ba a kai ga haka ba, an same shi a garejinsa. Daga ranar yana da kwana takwas ya sanar da kotu cewa zai amsa.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya tashi a zango zai iya hasashensa. Kawunsa ya zo wurin yayana da faɗa, wai mun kai ɗansu ƙara gaban Tonawa, mun tona asirin zuri'a, alhali ga limamai ga sarkin zango. Yayana ya rasa ta cewa. Lauya ta karɓi lambar dattijon ta kira shi a gabana. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali da jiki, sannan ta ce, "Baba, ba ƙarar ɗanku muka kai don a kama shi ba. Takardar da ka kawo da hannunka, ita muke so hukuma ta sa wa hatimi. Shi ma gobe idan zai yi wa matarsa ta yanzu takardun tafiya, ko aka zo rabon gado, wannan takardar za ta tsare shi." Ta ce kuma ana son shi da kansa ya zauna a wajen sulhu, domin ba a gyara maganar yara ba tare da manya ba. Dattijon ya yi shiru, can ya ce Allah ya yi mata albarka, zai zo. Wannan kiran waya ɗaya ya rage mana watanni.

Kotu ta tura mu sashen sulhu, wanda ke aiki a cikin kotunan Ghana, inda mai shiga tsakani ke zama da ɓangarorin biyu a ɗaki ba tare da alƙali ba. Maganar yara ce ta fi zafi. Dangin uban suka ce tunda zan yi aure, yara su koma gidansu, haka addini ya ce. Lauya ta amsa musu daga inda suka fito. Ta ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, idan uwa ta yi aure, riƙon yaro yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa kafin dangin uba, kuma mahaifiyata tana raye, a gidanta yaran suka girma. Sannan ta kawo Dokar Yara ta 1998, Act 560: abin da ya fi zama alheri ga yaro shi ne a gaba, ana jin ra'ayinsa idan ya yi wayo, ana son 'yan'uwa su zauna tare, ba a son a tumɓuke yaro daga inda ya saba. Kawun da kansa ya ce maganar kaka gaskiya ce. Aka tsaya a kan yara su zauna wurin mahaifiyata da ni, su yi hutun makaranta da babbar salla a wurin ubansu. Shi zai riƙa turo kuɗin ciyarwa ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, duk wata, da kuɗin makarantar boko da ta Islamiyya, da sabunta katin asibiti. Lauya ta nace a rubuta adadin da ranar biya, kada a bar shi a "zai riƙa taimakawa", domin abin da aka rubuta shi kotu ke iya tilastawa.

Sai fili. A 2013 mun sayi fuloti a wajen Kenyase, takardar sarkin garin da sunansa shi kaɗai. Na daɗe da fidda rai. Ta ce tsarin mulkin 1992, sashe na 22, ya ce dukiyar da ma'aurata suka tara tare a raba ta da adalci idan aure ya mutu, kuma tun 2012 Kotun Ƙoli ta nuna cewa aikin gida da renon yara ma gudummawa ne. Amma ta gargaɗe ni kada in ɗauka rabi a aljihuna yake, kowace shari'a da hujjojinta. Ta tambaye ni ina na samo abin da na zuba. Na ce adashi. Ta ce in nemo uwar adashin. Tsohuwar tana nan a Akwatia Line, kuma littafinta na wancan lokacin yana nan, ga sunana, ga watan da na kwasa, daidai da watan da aka biya filin. Da aka ajiye littafin a tebur gardama ta ƙare, aka yarda a raba fulotin biyu. Ga matan da ke cikin aure har yanzu, ta ce in isar musu cewa Dokar Filaye ta 2020 ta hana miji ko mata sayar da filin da aka saya a cikin aure ba tare da rubutacciyar yardar ɗayan ba.

Ko da an yi sulhu, sai da na tsaya gaban alƙali, domin dole shi ma ya gamsu cewa auren ya mutu. An ɗage zaman farko saboda mijin bai zo ba. A na gaba na je da alwala, na yi rantsuwa da Alƙur'ani, aka ba ni tafinta na yi magana da Hausa. Lauya ta roƙa a saurare mu a keɓe, aka amince. Ta riga ta bi da ni tambayoyin tun a ofis, don haka bakina bai yi rawa ba. Alƙali ya karɓi yarjejeniyar sulhun ta zama hukunci. Bayan 'yan makonni aka ba ni takardar raba aure da kwafin hukuncin mai hatimin tabbatarwa. Ta sa na karɓi kwafi fiye da ɗaya, na ɗauki hotonsu a waya, na kuma rubuta lambar ƙarar a wuri daban. Tunda waje za a kai takardar, sai da ta bi ta Akra, ofishin Sakataren Shari'a ya tabbatar da sa hannun, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta sa nata hatimin. Daga ganawar farko zuwa nan, abin ya kusa shekara.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Na farko, ɗakin jira. Ƙarami ne, benci biyu, kuma teburin akawu a tsakiyarsa yake. Wata rana yaron ya ɗaga murya da Tonanci yana tambayata ko "mijin da ya sake ki" ya karɓi sammaci, alhali ga wata mata da nake sayar wa kaya a zaune. Kafin la'asar maganar ta isa Alabar. Na faɗa wa lauya, ta ba ni haƙuri, ta yi masa faɗa, amma teburin yana nan inda yake. Ofishin da ke riƙe da sirrin aure bai kamata a yi maganar fayil a gaban jama'a ba.

Na biyu, waya. Idan tana kotu ba ta ɗauka, wannan na fahimta. Amma saƙon WhatsApp yakan kwana biyu ko uku ba amsa, kuma ranar da aka ɗage zama ba a sanar da ni da wuri ba, sai da na rufe shago na je. Mai sana'ar hannu, yinin da ta rufe shago asara ce.

Na uku, lissafin kuɗi. Kuɗin aikinta sidi 7,000 ne, ta yarda na biya kashi-kashi, kuma kowane biya da rasit. Wannan babu ƙorafi. Amma kuɗin bincike, da na shigar da ƙara, da na motar mai kai sammaci zuwa Techiman, da na rantsuwa, da na hatimin Akra, ba a lissafa mini su a farko ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fitowa, kowanne da rasit ɗinsa na gaskiya, amma da an ba ni jimillarsu tun ranar farko da na shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda za ta je, ta ce a rubuta mata kuɗin lauya daban, kuɗin kotu da na zirga-zirga daban, kafin ta sa hannu. Matakalar benen ma tana da tsayi da duhu. Mahaifiyata sau ɗaya ta hau ta ce ba za ta ƙara ba.

Ba kowa ke buƙatar irin wannan ofishi ba, kuma ita da bakinta ta faɗa mini. Wadda ba ta da hali, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, Legal Aid, tana da ofishi a Kumasi, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wadda kuɗin ciyar da yara kaɗai take nema, ta je ofishin jin daɗin jama'a ko kotun iyali da ke kotun gunduma, ba sai da lauya ba. Wadda ake duka, kada ta tsaya jiran takardar saki, ta je DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, tukuna, dokar hana cin zarafi a gida ta 2007 ta ba kotu ikon ba ta umarnin kariya. Wadda kuma aka riga aka raba aurenta a kotu, takardar ce ta ɓace, ta tafi kai tsaye rajistar kotun da Ghana Card da lambar ƙara ta nemi kwafi.

Amma wadda take irin halina, aure a masallaci, saki a takarda ko a baki, ga yara, ga fili, ga dangin miji da sai an bi da su a hankali, ina ba ta shawarar ta nemi lauyar da ta san idda da kome da riƙon yara kamar yadda ta san Act 367. Ta tafi da takardar masallaci, da takardar sakin ko sunayen waɗanda aka yi a gabansu, da takardun haihuwar yara, da duk wani rasit ko littafin adashi. Ta je da safe kafin a tafi kotu, kuma ta nemi a shigar da ita ciki kafin ta buɗe baki.

Saura mayar da rabin fulotin da sunana a Hukumar Filaye. Ta ce wannan aiki ne daban da kuɗinsa daban, sai an kawo mai awo ya raba, an kuma koma wurin sarkin garin. Na ce ta rubuta mini lissafin gaba ɗaya tukuna, ta rubuta, kuma ita zan ba aikin bayan salla.